Abin da Akwatin Ya Tsaya Jira

Asabar, 5 ga Maris 1988, ƙarfe 7 na safe

Kwana biyu ke nan. Sai yau na iya riƙe biro.

Malam Ummaru yana da rai. Wannan na fara rubutawa don in riƙa gani. An kai shi asibiti a Malumfashi, kusa da danginsa na Ƙarfi. Mudi, abokin aikinsa a ɗakin tukunyar tururi, ya ce hannun dama ne da ƙirji da gefen fuska suka ƙone. Bai ce komai a kan idon ba, ni ma ban tambaya ba.

An kashe tukunya. Kamfanin tsit, ba a matsar angurya, ko warin mai babu. Ban taɓa sanin ana jin kukan kurciya a harabar nan ba.

Matata Morenike ta ce, "Baban Yetunde, kai fa ba ka wurin lokacin da abin ya faru." Na ce haka ne. Ta ce, "To me ya hana ka cin abinci?" Na ce zafi ne.

Litinin, 7 ga Maris, bayan azahar

Alhaji Hussaini, manajanmu, ya tara mu a ofis. Ya ce bututu ya fashe saboda tururi ya yi yawa, tururi kuwa ba ya yawa a gaban mutumin da idonsa biyu. Bai ambaci barci ba, amma kowa ya gane. Mudi ya sunkuyar da kai.

Ya juyo wurina. "Injiniya Raufu, akwatinka fa?"

Na ce, "Na duba, ranka ya daɗe. Yana aiki."

Ba ƙarya na yi ba. Yana aiki.

Bari in rubuta yadda yake, kamar mai yi wa baƙo bayani, ko zan ga inda na tsallake. Akwatin ƙarfe ne a bangon ɗakin tukunya. A cikinsa akwai ƙwayar lissafi guda, abu ɗaya take iya yi a lokaci ɗaya. Baturen da ya kafa shi, kafin ya koma ƙasarsu ya bar mini littafinsa, ya ba ta aiki huɗu tana zagaya su. Ta duba ruwa. Ta duba ƙarfin tururi. Ta ƙara wuta ko ta rage. Ta rubuta lamba a allon da mai tukunya yake kallo. Sai ta koma farko. Zagaye ɗaya bai kai rabin sakan ba. In tururi ya haura jan layi, ta datse baƙin mai ta saki jiniya.

Ranar Alhamis jiniya ba ta yi kuka ba.

Aiki huɗu. Haka Bature ya bari.

Talata, 8 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

Na sake dubawa. Yana aiki.

Laraba, 9 ga Maris, ƙarfe 10 na safe

Morenike za ta wanke kakina, na fisge shi daga hannunta. Ta tsaya tana kallona. Na ce akwai takardar aiki a aljihu. Na cire ta na sa a cikin wannan littafin, a bangon baya.

Juma'a, 11 ga Maris, bayan la'asar

Daga masallaci na wuce tasha na shiga motar Malumfashi.

Hajo, matar Malam Ummaru, na tarar a barandar asibiti da kwanon fura. Ta durƙusa ta gaishe ni, har da godiya wai na yi ɗawainiya. Da ma ba ta gode ba.

An naɗe shi har wuya. Ido ɗaya a waje. Ya gane muryata.

"Injiniya, kai ne? Zauna. Ka ga yadda Allah ya yi da ni."

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ya ce amin. Can ya ce in matso.

"Tara da rabi allon nan yake nunawa. Na duba, na je wajen famfo, na dawo, tara da rabi. Na ji tukunya tana wani irin gurnani, na sake ɗaga kai, tara da rabi. Na ce to kunnena ne. Kai ka san allon nan ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana ɗan motsi. Ran nan ko ƙiftawa bai yi ba."

Na ce zan bincika.

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina gaban wutar nan."

Na ce zan bincika, Baba.

A hanyar dawowa na sa direba ya tsaya wajen Bakori. Mutanen mota suka ɗauka ciwon ciki ne, wata tsohuwa ta miƙo mini kanwa.

Lahadi, 13 ga Maris, ƙarfe 8 na safe

Biyar ne. Ba huɗu ba.

Lahadi, ƙarfe 4 na yamma

A watan Janairu Alhaji ya ce ya gaji da aika masinja ɗakin tukunya. Yana son lambobin su riƙa fitowa a takarda a ofishinsa duk bayan minti biyar. Aka kawo injin buga takarda daga Kano. Na ja waya. Na ƙara wa ƙwayar layi ashirin da uku na umarni. Na ji daɗin kaina ran nan, har na sayo tsire na kai gida.

A cikin layukan akwai inda na ce mata: ki miƙa wa injin harafi, ki jira ya ce ya karɓa, sannan ki ci gaba.

Ki jira. Ban ce har yaushe ba.

Iyakar abin da zan iya rubutawa yau ke nan.

Litinin, 14 ga Maris, ƙarfe 1 na rana

An kawo sabon bututu. Alhaji ya ce sufeton masana'antu zai zo daga Kaduna ranar Litinin 28 ga wata, a kunna wuta a gabansa. Angurya ta cika sito, wadda ke waje a ƙarƙashin tamfol ta fara ɗumi.

Mudi ne zai tsaya gaban tukunya. 'Ya'yansa shida.

Ya same ni a bakin famfo ina wanke fuska. Ya ce, "Injiniya, tsakaninka da Allah, abin nan ba zai sake ba?" Na ce in sha Allahu. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce Allah ya sa.

Talata, 15 ga Maris, da hantsi

A garin nan aka yanke mini cibiya. Mahaifiyata shekararta talatin tana sayar da kwanoni a kasuwar Funtua, babu wanda bai san rumfarta ba. Hausa nake mafarki da ita. Amma na san yadda magana take juyawa in ta fita daga ƙofar kamfani ta shiga tasha. Ba za a ce Raufu ya manta layi ɗaya ba. Za a ce ɗan wance ya ƙone mutumin Ƙarfi.

Wataƙila ba za a ce ba. Wataƙila tsorona ne kawai yake nema mini mafaka.

Alhamis, 17 ga Maris, Zariya, ƙarfe 5 na yamma

Na ce wa Alhaji zan je neman kayan gyara. Wurin Anthony na zo. Tare muka tashi a layi ɗaya, tare muka yi makarantar koyon sana'a, yanzu yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje a jami'a. Su ke da injin da ake goge ƙwaya a sake rubuta mata umarni.

Na shimfiɗa masa takardun. Bai kai ƙarshen shafi na biyu ba ya ɗora yatsa a wurin. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Wa ya sani?"

Na ce babu.

Ya ce, "To mu gyara tukuna."

Shawararsa ita ce a cire aiki na biyar a huta. Na ce in na cire, Alhaji zai tambayi dalili, in ma bai tambaya ba, baɗi wani zai zo ya ƙara nasa. Ciwon ba a injin takarda yake ba. Ciwon shi ne ƙwayar ba ta san wane aiki ya fi wani ba. Duba tururi da buga harafi duk ɗaya ne a wurinta, kowa layinsa yake jira.

Muka zauna muka tsara. Agogon cikinta zai riƙa katse ta sau huɗu a sakan, kome take yi ta ajiye ta je ta duba ruwa da tururi. Sauran ayyuka su samu abin da ya rage na lokaci. In tukunya tana kwance, kowa ya samu rabonsa. In tururi ya kai layin rawaya, ta watsar da ƙananan ayyuka, ta ninka dubawa. In ya doshi ja, ba ta san kowa ba sai wuta da jiniya. Babu wanda za ta ƙara jira fiye da ƙiftawar ido.

Anthony ya ƙara nasa. Wani ɗan agogo daban, a wajen ƙwayar, wanda dole ta riƙa taɓa shi duk sakan. In ta yi sakan biyu ba ta taɓa ba, shi da kansa zai datse mai. Ya ce, "Ko ta suma, wannan ba ya suma."

Na tambaye shi me ya sa ba a koya mana haka a makaranta ba. Ya ce an koya, ranar muna wajen ƙwallo.

Na yi dariya. Rabona da dariya tun ran biyu ga wata.

Asabar, 19 ga Maris, Zariya, ƙarfe 11 na safe

Ƙwayar tana da 'yar taga ta gilashi a bayanta. Sai an sa ta ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske minti ashirin kafin ta manta tsohon umarni. Sau biyar muka goge tun jiya.

A kan tebur muke gwaji, da maɓallin rediyo a madadin tururi. In na murɗa shi daidai kan layin rawaya sai ta rikice: ta shiga halin gaggawa, ta fita, ta shiga, ta fita, har ba ta gama aikin kowa. Gumi ya jiƙa mini riga. Da a jikin tukunya ne fa?

Mun gyara. In ta shiga, ba ta fita sai tururi ya sauka sosai ya kuma zauna rabin minti.

Da zai raka ni tasha Anthony ya ce, "Raufu, ka sa sabuwar, ka jefa tsohuwar a masai. Ba wanda zai ƙara ƙonewa. Ba shi ne abin da ake nema ba?"

Na ce shi ne.

Litinin, 21 ga Maris, ƙarfe 2 na rana

Na nuna wa Mudi a ɗakin gyara, na rufe ƙofa. Ban gaya masa dalili ba, na ce ƙarin tsaro ne. Na murɗa maɓalli ya wuce rawaya. Ƙwaya ta yi duk abin da muka tsara. Ina jiran ya yaba.

Ya ce, "Allon fa? Ya tsaya."

Na ce ai yana cikin ƙananan ayyuka, ta ajiye shi don ta ji da tururi.

Ya cire hularsa ya riƙe. "Injiniya, lokacin da abu ya ɓaci, lokacin ne za ta rufe mini ido? Ita ta gani, ni kada in gani? In ita ta yi kuskure, wa zai ruga ya rufe bawul da hannu?"

Na mayar da maɓalli baya.

Ni da Anthony, da takardun shaidarmu, kwana uku, mun sake gina abin da ya sami Malam Ummaru da hannunmu. Allo mai nuna tsohuwar lamba.

Gobe zan koma Zariya.

Laraba, 23 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

An gyara. Allo ya koma sahun gaba, tare da ruwa da tururi. In kuma lambar ta wuce sakan ɗaya ba a sabunta ta ba, allon zai mutu gaba ɗaya. Gara duhu da ƙarya.

Me kuma muka manta? Me kuma?

Alhamis, 24 ga Maris, da safe

Me kuma?

Juma'a, 25 ga Maris, ƙarfe 11 na safe

Na shiga ofis karɓar makulli, na tarar da Shafa'atu, mai buga wa Alhaji wasiƙu, tana share ido. Ta juyo mini da takardar da ke kan tafiretarta. Sallamar Malam Ummaru ce, saboda sakaci a bakin aiki. Ranar Litinin za a sa hannu, bayan sufeto ya tafi.

Ta ce, "Mutumin da ko sallar azahar sai ya sami mai tsaya masa kafin ya fita."

Ƙwaya biyu na zo da su a aljihuna cikin kwalin ashana. Tsohuwar na mayar da ita akwatin ɗakin tukunya ɗazu. Ban san me ya sa ba. Na sani.

Asabar, 26 ga Maris, bayan la'asar

Na gaya wa Morenike. Tana tsince shinkafa, ba ta daina ba har na gama.

Ta ce, "Za su kore ka."

Na ce watakila.

"Za su kai ka kotu?"

Na ce ban sani ba.

Sannan ta ce, "Ka fara zuwa ka gaya wa Mama, kada ta ji a kasuwa." Ta tashi ta ɗora tukunya. Ta zuba mini na ci, duka.

Lahadi, 27 ga Maris

Gobe.

Litinin, 28 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Sufeton dattijo ne mai farin tabarau, ba ya son yawan magana. Ya hau saman tukunya ya kwance bawul ɗin da ya kamata ya buɗe da kansa in tururi ya yi yawa. Ya ce gishirin ruwa ya cinye shi, ba mamaki ya makara. Ya duba fasasshen bututu ya ce ya tsufa. Ya rubuta. Ya tambayi wa ke kula da akwati.

A nan zan iya yin shiru. Ga bawul, ga bututu, laifi ya sami masu ɗauka.

Na ce, "Yallaɓai, kafin a kunna wuta ina so in nuna wani abu."

Na haɗa maɓallin gwaji. Allo yana ɗan motsi yadda ya saba. Na roƙi Shafa'atu ta je ofis ta cusa takardar injin ta cije. Ta tafi. Muka tsaya, ni da sufeto da Alhaji da Mudi. Da lokacin bugawa ya yi, allo ya daskare.

Na murɗa maɓalli ya wuce rawaya. Ya wuce ja. Na kai shi ƙarshe.

Ba jiniya. Lambar tana nan inda take.

Mudi ya ce, "Innalillahi."

Na ciro takardar da na ɗauke daga injin ofis ranar Alhamis ɗin, lokacin da kowa ya ruga ɗakin tukunya. A yamutse take inda ta cije. Layin ƙarshe ƙarfe goma da minti talatin da biyar, rabinsa kawai ya fito. Bututu ya fashe goma da arba'in da huɗu. Na miƙa wa sufeto. Na ce ni na rubuta umarnin, ni kuma na ɓoye takardar.

Ya tambayi wa ya ba da izinin ƙara wa akwatin aiki. Alhaji ya gyara tsayuwa, ya kalli bango, can ya ce, "Ni na nema."

Sufeto ya ce ba zai iya rantsuwa a kan wanne ne ya jawo ba, akwati ko bawul ko bututu, watakila sai da ukun suka haɗu. Amma mai tukunya ba ya ciki.

Ya sa na saka sabuwar ƙwaya. Awa biyu yana gwada ta, har da zare waya da kashe wuta ba sanarwa. Ya ce a sauya bawul, a kunna gobe.

Alhaji bai kalle ni ba har na fita.

Talata, 29 ga Maris, ƙarfe 3 na rana

An kunna ƙarfe tara. Na ce wa Mudi a gefensa zan tsaya. Ya ce ba sai na tsaya ba. Na ce zan tsaya.

Tururi ya hau a hankali. Bakwai. Takwas. Da ya kai tara da rabi sufeto ya aika a cusa takarda, da wuta a kunne. Ina kallon allon.

Ya ci gaba da motsi. Wata 'yar fitila ta kama, alamar ta bar injin takarda ta yi gaba. Sufeto ya sa aka rufe hanyar fitar tururi. Lamba ta haura rawaya, wuta ta ja baya da kanta, lamba ta sauko.

Mudi ya sauke numfashi ya ce, "To, yanzu ta yi hankali."

Da azahar aka ba ni wasiƙa. Dakatarwa, har sai shugabannin kamfani sun zauna. Ba a sa rana ba. Shafa'atu ta ce ɗaya wasiƙar, ta sallamar Malam Ummaru, an yaga.

Alhamis, 31 ga Maris, da hantsi

Magana ta kai kasuwa. Mama ta ce wasu sun wuce rumfarta ba gaisuwa, wasu kuma sun zo musamman sun zauna. Ba ta gaya mini su waye ba, ko na farkon ko na biyun.

Daga gida ina jin ƙugin kamfani. Ina ta saurare.

Saura wuri ɗaya.

Asabar, 2 ga Afrilu, ƙarfe 6 na yamma

An sallami Malam Ummaru daga asibiti ya koma Ƙarfi. Na same shi a zaure kan tabarma, an jingina shi da bango. Idon dama ya tafi. Hannun ba ya miƙewa.

Na tsuguna na faɗa masa duka, tun daga Janairu. Na faɗi kwana ashirin da biyar da na yi da takarda a ɓoye, har da ranar da na zauna gefen gadonsa na ce zan bincika alhali na sani. Ban nemi ya yafe ba, bakina bai iya ba.

Ƙuda ya sauka a bandejinsa, na kore shi.

Ya ce, "Ashe da gaske tara da rabi ne."

Na ce da gaske ne, Baba.

"Ka san da aka yi ta faɗa, ni kaina na fara cewa ko dai na rintsa ban sani ba? Mutum yana tsufa. Har Hajo, ran nan tana ba ni magani, ta ce Malam, in ka ɗan gyangyaɗa ne ka gaya mini, ni ba zan faɗa wa kowa ba." Ya haɗiye yawu. "Wannan ta fi wutar zafi."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Maganar yafiya ka bar ni tukuna, Injiniya. Ba yau ba. Ba na so in faɗi abin da bai kai zuciya ba."

Na ce na gode. Na yunƙura zan tashi, ya ɗaga hannun hagu.

"Zauna." Ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya. "Hajo! Taho. Kira yaran nan duka, da maƙwabta in suna kusa."

Suka shigo ɗaya bayan ɗaya har zauren ya cika, wasu suna leƙe ta waje. Hajo ta tsuguna a bakin ƙofa.

Ya ce, "To, Injiniya. Daga farko. Ka ɗaga murya."

Na miƙe tsaye na fara.